Yadda Ake Zaga Safranbolu da Ƙafa Tare da Ɗan Jagora

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Turkiyya ba sa wuce Istanbul. A sauka, a shiga Laleli saron kaya, a yi sallah a Sultanahmet, a ɗauki hoto, a juyo gida. Alhali sau da yawa akan sami kwana biyu ko uku da ba a komai sai jiran a haɗa kaya. Waɗannan kwanakin sun isa mutum ya je Safranbolu ya dawo.

Safranbolu ƙaramin gari ne a lardin Karabük, arewacin ƙasar, wanda aka gina a jikin tuddai da kwazazzabai. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994, ba don wani gini guda ba, sai don gari ne sukutum da ya tsaya kusan yadda yake a zamanin Daular Usmaniyya. Ta Turkawa nake nufi, ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba, don sunan kan rikita mu. A da zango ne na fatake a kan hanyar da ta haɗa Istanbul da gaɓar Baƙin Teku, kuma a ƙarni na 17 ya yi tashen arziki. Da jirgin ƙasa ya kashe ayari, aka kuma kafa masana'antar ƙarfe a Karabük a 1937, sai sababbin gine-gine da masu neman aiki suka karkata can. Tsohon gari ya zauna ba mai rushe shi don ya kafa bene na siminti. Watsin da aka yi da shi ne ya yi masa gadi.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci, ka san hanya

Daga babbar tashar Esenler ta Istanbul, bas kan ɗauki kamar awa 6. Daga Ankara kuwa kamar awa 3 ne. Za a sauke ka a sabon gari, wajen Kıranköy, daga nan ka shiga ƙaramar bas da suke kira dolmuş ta gangara da kai Çarşı, wato tsohon gari. Kilomita kaɗan ne.

Ka guji Asabar da Lahadi in da hali. Ranakun nan mutanen Ankara da Istanbul kan cika lungunan har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Afrilu zuwa Yuni yanayi na da daɗi, haka Satumba zuwa farkon Nuwamba. Mai son ganin furen za'afaran, wanda daga gare shi garin ya samo suna, sai ya nufi ƙarshen Oktoba. Lokacin sanyi ƙanƙara na sauka, dutsen titi ya yi santsi, kuma wanda iyakar saninsa da sanyi hunturunmu ne zai sha mamaki.

Mataki na 2: Kwana a cikin tsohon gari, ka sa takalmin kirki

An mayar da tsofaffin gidaje da yawa masauki, suna kiran su konak. Ka kama ɗaki a ɗaya daga ciki ko da otal ɗin sabon gari ya fi araha, domin da asuba da bayan magariba, lokacin da motocin 'yan yawon buɗe ido suka tafi, nan ne garin ke komawa na mutanensa. Katakon bene zai yi ƙara idan ka taka, kuma a gidaje da dama za a ce ka cire takalmi a bakin ƙofa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Maganar takalmi kada ka raina ta. Ni da takalmin fata mai sulɓin ƙasa na je, irin na zuwa ɗaurin aure, kuma tun kafin azahar na zame sau biyu a gangara. Titunan duwatsu ne aka jera, ba a daidaita su ba. Sa kambas mai riƙe ƙasa. Mata masu dogon hijabi ko abaya mai jan ƙasa su kula da wannan wajen sauka.

Mataki na 3: Samo ɗan jagora, ka gaya masa abin da kake so

Baƙo ko da ido makaho ne. Kana iya yawo kai kaɗai ka ga kyawawan gidaje, amma ba za ka san dalilin da ya sa taga take inda take ba, ko me ke bayan ƙofar kabad ɗin da ka wuce.

A Turkiyya aikin jagora sana'a ce mai lasisi. Jagoran gaskiya yana rataye da katin shaida a wuya, suna ce masa kokart, kuma a jikin katin an rubuta harsunan da aka ba shi izinin aiki da su. Ka duba. Mai masaukinka ko ofishin baƙi da ke tsakiyar Çarşı za su iya haɗa ka da wani. Ka yi wannan tun daren da ka sauka, don masu Turanci ko Larabci ba su kai masu Turkanci yawa ba. Jami'ar Karabük tana da ɗalibai 'yan Afirka masu yawa, ciki har da 'yan Chadi, saboda haka in ka san wani a can zai iya taimaka maka da tafinta, amma tafinta daban, jagora daban.

Kafin ku ɗaga ƙafa ku daidaita a kan awa nawa ne, nawa ne kuɗin, ko kuɗin shiga gidajen tarihi na ciki, da kuma tsayawa sallah. Awa 3 zuwa 4 sun isa Çarşı. Sannan ka faɗa masa ƙarara, cikin ladabi, cewa sayayya sai a ƙarshe. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci. Yawon da ba a yi wannan sharaɗi ba yakan zama daga shagon alawa zuwa shagon sabulu, kana ɗanɗano kana murmushi, rana ta faɗi ba ka shiga gida ko ɗaya ba. Ka ce masa gida kake son gani daga ciki, da kasuwar masu sana'a, da yadda ruwa ke bi ta garin. Jagora mai ilimi zai ji daɗin wannan, don shi ma ya gaji da maimaita abu guda.

Akwai ƙananan motoci masu lantarki da ke zagawa da mutane suna sa musu bayani a na'ura. Ga tsoho ko mai ciwon gwiwa, rahama ce. Ga mai lafiya, asara ce.

Mataki na 4: Fara da hawa tudun Hıdırlık

Ku haɗu a dandalin da dolmuş ke sauke mutane, kusa da masallacin Kazdağlı, misalin ƙarfe 9 na safe. Kada ku tsaya a kasuwa. Ku miƙe ku hau Hıdırlık tun da sauran ƙarfi a gwiwa. Hawan bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, amma yana da tsauri.

A saman akwai filin sallah marar rufi, kamar idinmu, da wasu kaburbura. Daga nan garin duka yana gabanka: jan rufi, farin bango, baƙin katako, an jera su hawa-hawa a jikin kwari. Ka sa jagora ya nuna maka sassa uku na garin. Çarşı a cikin kwari, inda iska ba ta kaiwa, nan ake zaman sanyi. Bağlar a can sama cikin gonakin inabi, nan masu hali ke komawa lokacin zafi, don iyali ɗaya kan mallaki gida biyu. Sai Kıranköy, unguwar da Girkawa Kiristoci suka zauna har zuwa musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka bayan yarjejeniyar 1923. Cocinsu na nan, ya zama masallaci.

Ka lura da abu ɗaya kafin ku sauka: kusan babu gidan da ya tare wa na bayansa rana ko gani. Gangarar ta taimaka, amma da niyya aka yi.

Mataki na 5: Shiga gida, ka daɗe

A kan hanyar sauka akwai Kaymakamlar Evi, tsohon gidan wani babban soja da aka mayar gidan tarihi. Nan ne kuɗin jagoranka zai halatta. Ka ba shi aƙalla minti 40, ko da ayarin da ke bayanku ya shiga ya fita sau uku.

Fara tun daga ƙofa. A tsofaffin ƙofofin garin za ka ga abin ƙwanƙwasawa iri biyu, babba mai kauri da ƙarami mai siririyar ƙara. Abin da mutanen garin ke faɗa shi ne namiji da babban yake bugawa, mace da ƙaramin, don na ciki su san wanda ya dace ya je ya buɗe. Sallama ce da ƙarfe.

Hawan ƙasa da dutse ake yin sa, kuma kusan ba shi da taga ta ɓangaren titi. Nan ake ajiye dabbobi, itace da hatsi. Daga nan sama kuwa ƙashin ginin katako ne, aka cike tsakaninsa da tubalin ƙasa, aka shafe da farar ƙasa. Hawan sama yakan turo kai ya leƙo titi, an tokare shi da sanduna, don a ƙara faɗin ɗaki ba tare da an ci hanyar jama'a ba. Hawan tsakiya rufinsa gajere ne don ya riƙe ɗumi, na sama kuma dogo don iska.

Gidan ya kasu biyu: selamlık, ɓangaren maigida da baƙinsa maza, da haremlik, cikin gida. Bahaushen da ya tashi a gida mai zaure ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi. Abin da zai ba shi mamaki shi ne dabarar da suka yi wa matsalar da mu muke warwarewa da aiken yaro. A jikin bangon da ya raba sassan biyu akwai kabad mai juyawa, dönme dolap. Uwargida ta ɗora kwanukan abinci daga ɓangarenta ta juya shi, maigida ya ɗauka daga nasa, ba wanda ya ga wani. Jagorori na son ƙarawa da cewa samari da 'yan mata sun yi amfani da shi wajen aika wasiƙa. Ka yi dariya ka wuce, labarin jagora ne.

Yanzu shiga ɗaki guda ka tsaya a tsakiya. Ƙofar a kusurwa take, kuma akwai shingen katako da ke hana wanda ke waje ganin ciki kai tsaye ko da a buɗe take. Babu gado, babu tebur. Akwai dakali mai shimfiɗa da ya bi jikin tagogi, sedir, da murhu a bango, da manyan kabad-kabad. Da dare a fito da katifa daga kabad a shimfiɗa, da safe a naɗe. Lokacin cin abinci a kawo faifan tagulla a zauna ƙasa. Sai ka ce wa jagora ya buɗe maka kabad ɗin ƙarshe. Ciki za ka tarar da ɗan wurin wanka, daidai mutum ɗaya. Dalilin shi ne gidan na gandu ne: tsoho da 'ya'yansa maza da matansu duk a rufi guda, kowane ɗaki sashen ma'aurata ne, kuma kunya ba za ta bar mutum ya ratsa tsakar gida da asuba da butar wanka a gaban iyayensa ba. A ganina wannan ɗan kabad ya fi duk wata hasumiya a garin bayyana su wane ne suka zauna a nan.

Kafin ka fita ɗaga kai ka dubi sassaƙar rufi. In lokaci ya bari, ka nemi a kai ka gidan Asmazlar, inda aka gina tafki a cikin ɗaki don sanyi, kuma an ce ƙarar ruwan kan rufe hirar manya kada a ji daga waje.

Mataki na 6: Cinci Han

Ƙasa kaɗan za ka tarar da babban gini na dutse mai ƙofa ɗaya, masaukin fatake da aka gina a 1645. Yana da tsakar gida mai faɗi, da ɗakuna fiye da 60 a hawa biyu. Da dare a rufe ƙofa, dukiya da masu ita su kwana lafiya.

Sunan ma labari ne. Cinci a Turkanci mai aiki da aljanu ke nan. Wanda ya gina shi Hüseyin Efendi ne, ɗan garin, wanda ya sami shiga fada saboda addu'o'in da ya yi wa Sarki Ibrahim na Daular Usmaniyya, mai mulki daga 1640 zuwa 1648, lokacin da sarkin ke fama da rashin lafiya. Daga malamin tsibbu ya zama babban alƙali, ya tara dukiya mai yawa. Da aka tuɓe sarkin a 1648, aka ƙwace dukiyar, shi kuma Hüseyin aka kashe shi. Masaukin da gidan wankan da ya gina kusa da dandali sun rage. Ka hau bene ka leƙa ɗaki ɗaya, ka ga ƙanƙantarsa da murhunsa.

Mataki na 7: Bi ruwa zuwa maƙera, ka dawo ta wajen dukawa

Daga nan ku gangara. Dubi titin da kake takawa: an karkatar da duwatsun zuwa tsakiya don ruwan sama ya bi nan, kada ya ci gindin bango. A ƙasa akwai masallacin İzzet Mehmed Paşa na 1796. Mai shi ɗan garin ne da ya zama babban waziri a zamanin Sarki Selim na Uku. Ka sa jagora ya kai ka inda za ka leƙa ƙarƙashinsa, don a kan rafi aka ɗora shi bisa bakan dutse. Mutane da yawa kan yi sallah a ciki su tafi ba su sani ba.

Kusa da shi kasuwar maƙera take, kuma har yau ana jin guduma. Tsarin irin na Kurmi ne a Kano, kowace sana'a da layinta, masu wuta da hayaƙi a gefe, majema kuma can ƙasa inda ruwa ke fita daga gari don wari da ƙazanta kada su dawo wa jama'a. Idan ka tarar da mutum yana aiki ka ce masa “Kolay gelsin”. Sannu da aiki ke nan. Za ka ga fuskarsa ta sake. Ka nemi izini kafin ka ɗauke shi hoto.

Ku hauro zuwa Yemeniciler Arastası, 'yar kasuwa mai shagunan katako 48 inda a da ake ɗinka yemeni, takalmin fata marar dunduniya. Yanzu galibin shagunan tsaraba suke sayarwa. Jingine da ita masallacin Köprülü Mehmed Paşa ne, na 1661, kuma kasuwar waƙafinsa ce, kuɗin hayar shaguna ke riƙe masallaci. A harabarsa akwai agogon rana. In kun tsara da kyau, nan azahar za ta same ku. Akwai wurin alwala a haraba. Bayan kiran sallah sukan yi nafila tukuna sannan a tada iƙama, don haka kada ka yi zaton ka makara ko an fasa jam'i.

Mataki na 8: Ci abinci, sannan ka hau Kale

Nemi peruhi, ƙullin fulawa mai cuku ko kindirmo a ciki da man shanu a kai, ko bükme mai alayyafo. Mai son nama ya tambayi kuyu kebabı, rago da ake gasawa a rami. Shayi kuwa ba sai ka nema ba.

Hawa na biyu shi ne tudun Kale, a ɗaya gefen kwarin. A kansa akwai wani gini ruwan ɗorawa, tsohon gidan gwamnati na 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Gobara ta cinye shi a 1976, aka gyara, yanzu gidan tarihin gari ne. Bayansa hasumiyar agogo ce da İzzet Mehmed Paşa ya gina a 1797, shekara 7 kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, kuma agogon na aiki. Matakalar ciki ƙunci gare ta, mai jiri ya haƙura. A nan ya kamata ku rabu da jagora. Ka biya shi abin da kuka yi, in ya gamsar da kai ka ɗora masa wani abu.

Mataki na 9: Yanzu ka yi sayayya

Alawar garin, lokum, ba ta kai ta Istanbul zaƙi ba, shi ya sa ba ta gundura. Ɗanɗana kafin ka saya, ka sa a yanka maka sabuwa maimakon ta cikin kwali.

Za'afaran ne ke buƙatar ido. Mun san shi a hannun malamai wajen rubutu, amma kaɗan ne cikinmu suka ga furensa. Shuɗi-shuɗi ne mai ɗaukar ja, kuma kowane fure zare uku kacal yake bayarwa, da hannu ake cira. Sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya. Don haka duk wanda ya miƙo maka babban ƙunshi da araha, ba shi ba ne. Yawanci furen wani tsiro ne mai suna aspir. Kada ka sayi gari, sayi zare. Na gaske ja ne mai duhu, bakinsa a buɗe kamar kakaki, kuma in ka jefa shi a ruwan ɗumi a hankali yake sakin launin ɗorawa, zaren kuma ya zauna da jansa. Giram ɗaya ya isa tsaraba mai daraja.

Da yamma, in ƙafa ta yi tsami, gidan wankan Cinci na aiki har yau, maza da ɓangarensu, mata da nasu. Za a ba ka zane ka ɗaura, ba a tsiraici.

Mataki na 10: In kana da kwana na biyu

Wannan sai da mota. Kamar kilomita 7 daga gari akwai İncekaya, gadar ruwa mai tsawon mita 116 da ta ratsa kwazazzabon Tokatlı, aikin waziri İzzet Mehmed ne don kawo wa garinsu ruwa. Kusa da ita an yi wani dandamali na gilashi da ya leƙa kwazazzabon, ga mai ƙarfin zuciya. Ta gabas kuma, kamar kilomita 11, akwai ƙauyen Yörük mai irin gidajen nan ba tare da cunkoso ba. Ka yi ciniki da mai tasi a kan zuwa da jira da dawowa tun kafin ka shiga, ka kuma sayi tikitin komawa Istanbul tun da safe, don motocin yammacin Lahadi kan cika da wuri.